Ƙafar Babanki da Gwangwanin Kafsona

Rahila 'yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata ke da mijinki da 'yar jikata Murna kuna cikin ƙoshin lafiya, zafin Makurɗi bai feso mata da ƙuraje ba. Allah ya tsare shigarku da fitarku, ya sa sabon gidan nan ya karɓe ku.

Na san za ki ce me ya sami Mama da rubuta wasiƙa alhali ga waya. To, a waya ƙarya nake yi miki. Duk sanda kika ce yaya jikin Baba, sai in ce da sauƙi, ke kuma ki ce mun gode Allah, mu ajiye. Babu sauƙi, Rahila. Kwana huɗu da tafiyarki aka kwantar da shi, yau kwanansa goma sha ɗaya a gadon asibiti, kuma maganar da ake yi yanzu ita ce ko za a bar masa ƙafarsa ta hagu ko za a yanke ta. Gyambon nan na ƙwaurinsa da kika bari ina ɗaurewa da tsohon zane, shi ne ya ci har ya kai ƙashi. Kada ki ɗauko jaririya ki taho, nan ba wurin 'yar wata huɗu ba ne. Zauna ki karanta, shi ne taimakon da nake so daga gare ki.

Ma'aikatan asibiti sun dangwali ruwan gyambon da auduga suka kai ɗakin gwaji, muka yi kwana uku muna jira. Da takardar ta fito, likitar, wata yarinya da ba ta girme ki ba, ta ja ni gefe ta nuna mini jerin sunayen magunguna. Tana bi da biro tana cewa, “Wannan ba ya ci, wannan ba ya ci, wannan ma haka.” Har ƙasan takarda guda ɗaya tak ya rage, wata allura da ake sa masa ta jijiya. Na ce mata ai dama jikinsa ya saba da magani. Ta ce, “Mama, ba jikin Baba ne ya saba ba, ƙwayoyin cutar ne suka saba. Sun sha haɗuwa da magungunan nan kaɗan-kaɗan, masu rauni suka mutu, masu taurin kai suka rage suka hayayyafa.” Sannan ta tambaye ni me ya sha a gida kafin mu zo. Na buɗe baki, sai na ga in zan faɗa duka sai mu kai yamma a tsaye.

Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In zauna a benci, in tashi in leƙa shi, in fita bakin famfo in wanke kofin da na riga na wanke, in dawo. Wata nas ta ce na kusa cinye musu simintin baranda da silifa. A kan gwiwata nake rubutun nan, in kin ga layin ya karkace ki yi haƙuri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki abin da na kasa faɗa wa likita a ranar.

Kafin a haife ki ina sayar da shinkafa da wake a ƙofar masana'antar da babanki yake aiki a Kudenda. Kusa da ni akwai wani mai tallar magani a faranti, yana shanye da kayansa a rana daga safe har a tashi aiki. Ma'aikata su ci abincina, su juya wurinsa su ce a haɗa musu na ciwon jiki. Ya ɓalli wannan, ya ɓalli wancan, ya zuba musu a tafin hannu, su watsa a baki su kora da ruwan bokitina. A nan na yi karatun likitancina, ba allo ba alli. Ban riƙe sunan magani ko ɗaya ba, launi na sani. Kafso ja da rawaya na zawo ne, ja da baƙi na ƙurji da tari, fari mai tsaga a tsakiya na fitsari mai zafi. Sai yanzu nake jin wai dukansu dangi ɗaya ne, su ne antibayotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba a shan su da ka.

Kin tuna babban gwangwanin madara da ke kan kabad a ɗakina. Ƙa'idata ita ce, in mara lafiya ya tashi ya nemi tuwo, ya warke, sauran magani na gwangwani ne. Ko asibiti na kai ku aka rubuta na kwana bakwai, a na uku nake tsayarwa, in ce me za a yi da asarar magani a jikin mai lafiya. Ina ganin kaina mai tattali, ina yi wa matan da ke ƙarasawa kallon marasa dabara. Ke kanki ba mura da ta taɓa kama ki ban ɗura miki ja da baƙi ba. Kina tofarwa ina matse miki hanci. Likitar ta ce mura ba ta ma san da zaman kafso ba, da kanta take tafiya, ni kuwa ina ta karɓar yabon aikin da ban yi ba.

Don haka ki ji ni. In jikin Murna ya yi zafi, kada ki tsaya kina tuna abin da Mama take bayarwa. Goya ta ki kai asibiti a duba ta, a gwada jininta, domin zazzaɓi iri-iri ne, na sauro daban, na wani abu daban. In zawo ne, ki fara da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake bayarwa a asibiti, ki ci gaba da ba ta nono, ki kai ta a gani. In suka ce ba ta bukatar kafso ko sirof, kada ki ɓata rai ki ce likitan bai iya aiki ba, kada kuma ki biya kemis a hanyar gida. In kuwa sun rubuta, ki ba ta yadda suka ce, a kan lokacin da suka ce, har ranar da suka ce, ko da ta tashi tana ja miki ɗan kunne. Gidan da ake shan magani daidai ba ya tara saura.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, domin shi da daɗi na yi shi. Da muka koma Kamazou, mata suka gano gwangwanina, suka laƙaba mini Mama Likita. Ina cewa ku daina, a ciki kuwa kaina yana fashewa. Ni da ban wuce aji huɗu ba, ga matar ma'aikacin gwamnati tsaye a ƙofata tana jiran abin da zan ce. Wadda ta gama al'ada in ba ta biyu, wai ta wanke ciki. Wadda ta haihu in ba ta na kwana biyu, jaririn kuma a ɗiga masa a baki kafin a yi suna, wai a kore dattin da ya sha. A wurin taron zumunta ma jakata ba ta rabuwa da ƙulli. Kyauta nake bayarwa, ina cewa aikin Allah nake yi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa na ɗaure kaina na ɗaure unguwa guda.

Jiya Maman Terna, maƙwabciyarmu 'yar Binuwai, ta zo duba babanki da kunun gyaɗa a fulas. Bayan ta yi addu'a, na raka ta bakin ƙofa, sai ta rage murya ta ce, “Mama Likita, abeg, ina kika sa makullin ɗaki? Pikin ɗina, ƙaramin yaron nan, yana zawo tun jiya, small red and yellow kawai zan ɗauka.” Na ce mata babu. Ta ce, “Haba Mama, ni ce fa.” Na kama hannunta na mayar da ita ciki, na ɗaga zanen da aka rufe ƙafar babanki, warin ya buge ta har ta ja baya. Na ce, “Ga aikin red and yellow. Ki kai yaron asibiti yau.” Ta tafi ranta a ɓace, ko fulas ɗinta ba ta tsaya ɗauka ba. Shekara ashirin muna cin abinci a kwano ɗaya, ban taɓa ce mata a'a ba sai jiya, kuma na ji zafinsa har cikin raina.

Ke baƙuwa ce a inda kike, za ki so mutane su so ki. Ki ba da aron tukunya, ki ba da gishiri, ki riƙe wa maƙwabciya yaro ta je kasuwa. Magani kuwa ba a aronsa, kada ki bayar, kada ki karɓa, ko da ciwon ya yi kama da naki kamar an tsaga kara. Ki koyi cewa “ban sani ba”. Ni na kai shekara hamsin da takwas kafin bakina ya iya furta ta.

Da ina tsammani mu kaɗai abin ya samu. Sai da na kwana biyu a nan na ga ashe gari ne guda. Gadon da ke kusa da na babanki wani direban tanka ne daga Rido, an sa masa robar fitsari, ciwo ya shiga ta nan, an canza masa magani sau uku zazzaɓin bai sauka ba. A ɗakin mata akwai wadda aka yi wa aiki aka ciro ɗa lafiya, wata guda ke nan ɗinkin ya ƙi haɗewa. Wasu daga Kachiya aka turo su, wasu daga Kafanchan, kowa da 'yar takardarsa irin tamu. Mu masu jinya mukan zauna a gindin mangwaro muna gwada wa juna, kamar iyayen da 'ya'yansu suka faɗi jarrabawa. Likitar ta ce ƙwayoyin nan ba su zama a gida ɗaya, suna bin hannu, da ruwa, da kwata, da abinci, har a asibiti ma ana ɗauka. Ta ce kada in ɗora wa kaina duka, ba wanda zai iya rantsewa daga ina na babanki suka fito. Na gode mata, yarinya ce mai kirki. Amma ni na san abin da hannuna ya yi.

Da ta ambaci abinci sai kajina suka faɗo mini a rai. Kin yi ta share ɗakinsu a bayan gida, kin san garin nan rawaya da nake kaɗa musu a ruwa. Tun suna 'yan tsaki nake zubawa, ba don suna ciwo ba, don kada su yi, kuma don su yi nauyi kafin Kirsimeti. Har safiyar da za a kama su a yanka suna sha. A jikin ledar an rubuta kwanakin da za a dakata kafin a ci naman, ni kuwa hoton zakaran kawai nake kallo. Kashinsu kuma in kwashe in zuba wa alayyaho, ruwan sama ya wanke saura ya gangara rafi inda yara ke wasa. Na san kina da niyyar kiwo, kin gado ni a rashin zama haka nan. Ki yi, amma ki share musu ɗaki, ki yi musu rigakafi, ki rage cunkoso. In sun yi ciwo ki kira malamin dabbobi, kuma ki karanta abin da aka rubuta a leda, ke da kika yi makaranta.

Yanzu ga maganar ƙafar. Tun da damina ta fara, wani tsohon kwanon rufi ya yanke shi yana gyaran ɗakin kaji. Yanka ne ɗan kaɗan, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Na wanke, na buɗe kafso biyu na barbaɗa garin a kai kamar yadda na saba yi wa kowa, na ɗaure. Ya ce, “Ladi, da ciwon sugan nan nawa, ba gara mu je a gani ba?” Na ce masa, “Mutanen unguwa suna zuwa wurina, kai da kake kwana ɗaki ɗaya da ni za ka je ka bi layi?” Ya ƙyale ni, kin san babanki ba ya son dogon zance. In ya fara wari in ba shi ja da baƙi kwana biyu, warin ya lafa, in tsaya. Ya dawo, in canza launi. Wata uku muna wannan rawa. Har wata nas da muke coci ɗaya ta gan shi yana ɗingishi ta ce a kawo shi, na ce mata tun ba ta san hanyar makaranta ba nake warkar da gyambo. Girman kai ne, ba wani suna da zan ba shi.

Ko da muka zo nan ban saduda ba. Ranar farko na tsaya a kan likitar ina cewa ta ba shi allura mai ƙarfi a gama, me ake jira da wani gwaji. Ta ce, “Mama, za mu fara masa wani abu yanzu, amma sai gwaji ya nuna mana wanda zai ci. In muka yi ta harbi a duhu, ranar da muke bukatar harsashi ba za mu samu ba.” Har na fita ina gunaguni wai yaran zamani ba su san magani ba. Rahila, in mijinki ya ce a je asibiti, ku je, kada ki mai da lafiyarsa wurin gwada iyawarki. Ciwon da ya kwana uku bai kama hanyar warkewa ba ya fi ƙarfin gida. Kuma ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa rauni ko abincin yarinya, ki kai ta rigakafinta kada ki tsallake ko ɗaya. Abubuwan da na raina ke nan saboda ba su da launi.

Saura guda, ita ce ta fi hana ni sukuni. Ranar da nake shirya miki kaya, kina wanka, na ɗebi rabin abin da ke cikin gwangwani na ƙulle a baƙar leda, har da 'yar kwalbar da ake ɗiga wa jarirai. Na cusa a ƙasan buhun garin masara, a tsakanin daddawa da kuka, don na san in kin gani za ki ce Mama ta fara. Na yi niyyar in gaya miki a waya ranar da Murna ta fara atishawa. Ki ajiye takardar nan yanzu ki je ki ciro ta. Kada ki ba kowa, kada ki zuba a masai ko a kwata, ki kai asibitin da kike kai Murna awo ki ba nas, ki ce tsarabar uwarki ce, su san yadda za su yi da ita. In kin yi ki kira ni ki ce kin yi, ba na son wata gaisuwa kafin wannan.

Na tsaya a nan jiya da la'asar don an zo wankin ƙafar. Yau da safe manyan likitoci suka zagayo, suka daɗe a kansa suna magana da Turanci. Allurar ta sauke zazzaɓin, ta hana ciwon haurawa sama, amma abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa. Jibi za su yanke daga ƙasan gwiwa. Sun ce in aka ƙara jira, ba ƙafa za a yi magana a kai ba. Babanki da kansa ya sa hannu a takarda.

Da suka fita na fara zagayena, sai ya ce, “Ladi, zauna, kina sa ni jiri.” Na zauna a bakin gado. Na ce masa ni na jawo. Ya ce, “Ke kika miƙo, ni na haɗiye, ba wanda ya matse mini hanci. Me ke cikin jakar nan da kike ta rungumewa?” Takalmansa ne na zuwa coci, baƙaƙen nan, na goge su na kawo tun makon jiya don ranar da za a sallame shi. Na ciro na ajiye a kan gado. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ɗauki na hagu ya miƙo mini ya ce in mayar gida, na dama kuma ya tura ƙarƙashin matashinsa. Ya ce, “Wannan ya ishe ni zuwa Makurɗi. Ki gaya wa Rahila ta riƙe mini yarinyar nan da lafiyarta har in zo.”

To, na gaya miki. Ki yi masa addu'a jibi da safe, ki yi mini ni ma, domin ban san yadda zan shiga gida da takalmi ɗaya a hannu ba. Ubangiji ya tsare ku daga ciwo, ya tsare ku daga maganin da ba a sa ku ba, ya raya Murna a kan ƙafafunta biyu. Ki gaishe da mijinki.

Mamanki,
Ladi